Ƙafar Fari a Gidan Baba Radisha

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna cewa, "Tiyana, ki kwashi 'ya'yanki ki tafi mana, ai ba ɗaure ki aka yi ba," na ji, na gode. Faɗa ba ta da wuya. Amma ku tsaya ku ji abin da ya same ni a Kirsimetin nan tukuna, sannan mai dabara ya ara min, don ni tawa ta ƙare.

Wanda yau ya fara karanta ni, ga inda aka kwana. Shekara biyu ke nan da mijina Boshko ya rasu, babbar motar da yake tuƙawa ce ta kife da shi a hanyar Nish. Ya bar ni da Yasna, yanzu shekararta biyar, da Danilo mai uku, a gidan iyayensa, a ƙauyenmu da ke bayan Topola. Surukata Milunka, Mama nake ce mata. Surukina Radisha, Baba. Ba su taɓa hana ni abinci ba, ba su taɓa zagina ba. Da ma suna zagin nawa, da tafiya ta zo min da sauƙi.

Sai kuma Ognyen. Likitan dabbobi ne, abokin Boshko tun suna tsallake katangar makaranta tare. Shekara da shekaru shi ne polojaynik ɗin gidan nan, wato mai ƙafar fari, namijin da yake fara tsallake dokin ƙofa safiyar Kirsimeti, wanda sa'ar gida ta shekara take bin sawunsa. Ranar ba mai shiga gidan wani sai shi, kuma duk wanda ya riga shiga, to shi ɗin ne, ba a kora, ba a sakewa. Shi ya shigo mana a Kirsimetin shekarar da Boshko ya mutu. Tun daga ranar jana'iza Mama ta ce ya gama taka mata ɗaki, ƙafar fari ta zama farar ƙafa. Bara Mladen mai gidan burodi na ƙauyen gaba ta kira, da saniyarmu ta haifi tagwaye kuwa har coci ta je tana cewa, "Ai kun gani."

Ni ban yarda da wannan ba. Na yi makaranta. Na san ƙanƙarar da ta kwanta a kwalta ce ta kashe Boshko, ba takalmin Ognyen ba. Ku riƙe min wannan maganar, za ku tuna min da ita.

Gida an hana shi, amma saniya ba ta san camfi ba, in ta kwanta dole a kira likita. A turke yake tsayawa, ni nake riƙe masa fitila. A nan komai ya fara, tsakanin warin kashin shanu da allura. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina son sa. Ina son sa har ina jin kunyar hoton Boshko da ke rataye a falo.

Ranar jajibiri tun da sassafe Baba da babban ɗansa Dobri suka shiga daji suka saro badnyak, reshen da za a sa a wuta, suka jingina shi a bakin ƙofa da busassun ganyensa. Dobri da matarsa Smilya sun zo daga Kraguyevats da 'ya'yansu mata biyu, gida ya cika da ihu. Ni da Smilya muna kicin. Azumi ne, babu nama, babu madara, babu ƙwai, sai wake da albasa a kasko, da kifi, da kabeji mai tsami. Can cikin rumfa kuwa gasasshen aladen gobe yana kwance an lulluɓe shi da farin ƙyalle, yara suna ta zarya suna leƙa shi suna haɗiyar yawu.

Wayata ta motsa a aljihun rigar girki. Na juya wa Smilya baya.

*Sun sake kira daga Subotitsa. Sun ce in ba su amsa bayan biki.*

Ognyen ne. Aiki ne suka ba shi can arewa, kusa da iyaka, da gida da komai. Ya daɗe yana ja musu rai saboda ni. Kafin in rubuta wani abu, wani saƙon ya shigo.

*Tiyana, na gaji da tsayawa a turke kamar ɗan maraƙi. Gobe zan zo. In na shiga ta ƙofa, na zauna. In ban shiga ba, na tafi.*

Na rubuta, *Don girman Allah kar ka zo. Mladen aka kira.*

*Zan riga shi.*

*Zuciyar Mama za ta buga.*

*Ba abin da zai buga. Ko so kike in tafi?*

Na rubuta *a'a*, na goge. Na rubuta *ka ƙara min haƙuri*, na goge, don ni kaina na gaji da jin kalmar a bakina. Ina nan tsaye sai na ji ƙauri.

"Ke baiwar Allah, waken nan laifin me ya yi miki?" Smilya ta ture ni ta sauke kaskon. Ta kalli wayar, ta kalle ni. "Likita ne? Saniyar ce ta sake yin atishawa?"

"Smilya, rufa min asiri."

"Ni na tona? Saniyar gidan nan ta fi matar shugaban gunduma ganin likita. Jiya na duba ta, lafiyarta ƙalau, har ta fi ni ƙiba."

Na nuna mata saƙon. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta karanta, ta sake karantawa, ta goge hannu a jikinta.

"Mutumin nan ya haukace."

"Me zan yi?"

"Ni kike tambaya? Ni da har yau in tsohuwar nan ta yi gyaran murya sai cokali ya faɗi daga hannuna?" Ta rage murya. "Amma wallahi in kika bari ya tafi, baƙin ɗankwali za ki tsufa da shi a kicin ɗin nan. Ina koriyar rigar da kika saya?"

"Tana cikin kabad."

"Gobe kowa sabon kaya zai sa. Ki sa ta."

Da rana ta faɗi Baba ya shigo da badnyak a kafaɗa, Mama ta tare shi da rariya tana watsa masa alkama. Dobri ya biyo shi da buhun bambaro. Daga nan Mama, matar da shekara biyu ba ta cire baƙaƙen kaya ba, ta sunkuya ta kama ƙugu ta fara, "Kwo, kwo, kwo," tana zagaya ɗaki tana baza bambaro, jikokinta huɗu a bayanta sun riƙe rigar juna suna, "Piyu, piyu, piyu!" Danilo ne na ƙarshe, yana faɗuwa yana tashi, shi nasa "miyu" yake cewa. Ta watsa musu alewa da gyaɗa cikin bambaron, suka zube suna tono kamar 'yan tsakin gaske. Na ga Mama tana dariya har da hawaye. Ku da kuke cewa muguwa ce, da kun gan ta a lokacin.

Da aka tsaya addu'a gaban kyandir, Yasna ta ɗaga hannun hagu za ta yi alamar gicciye. Mama ta kama hannun.

"Haba kishiyata, da wannan hannun? Kullum sai na faɗa miki?"

"Kaka, ai iri ɗaya ne. Duba." Ta miƙa mata su biyun.

Mama ta tsinko jan zaren ulu daga safar tukuicin ƙafar fari da take saƙa wa Mladen, ta ɗaura mata a wuyan hannun dama. "To daga yau, gefen zare shi ne dama. Maimaita."

"Gefen zare shi ne dama."

"Yauwa. Kin fi ubanki kai, shi sai da ya shiga makaranta."

Baba ya sunkuyar da kai, ya jawo Danilo ya ɗora a cinya. Tun mutuwar Boshko Baba bai cika magana ba. Yakan wuni bai haɗa kalma uku da kowa ba, sai da Danilo. Shi yake yi wa hira, shi yake sassaƙa wa doki, a ƙirjinsa yaron yake barcin rana.

Bayan an ci abinci a ƙasa kan bambaro, na shiga ɗakina na fito da rigar don in goge. Koriya ce shar, mai dogon hannu, da farin leshi a wuya da ƙananan maɓallai har ƙugu. Ina cikin shafa ta sai na ji an turo ƙofa. Mama ce. Ta mayar da ƙofar a hankali, ta zo ta murza gefen rigar da yatsu biyu.

"Yadi mai kyau."

"Mama, biki ne."

"Ni na ce wani abu?" Murmushi take yi. Kun san daren jajibiri ba a faɗa, wanda ya ɗaga murya haka zai shekara yana ɗagawa. Don haka a hankali ta yi maganar, kamar mai lallashin jariri, kuma wallahi da tsawa ta yi min da ya fi min. "Matar limamin coci ta gan ki a motar likitan nan ranar kasuwa. Na yi shiru. Ke yarinya ce, 'yar nan, jininki bai daskare ba. Ki yi aure. Ki auri kurma, ki auri gurgu, ni da hannuna zan ɗinka miki zanen gado. Amma ranar da mutumin nan ya taka min dokin ƙofa ya shigo, ke za ki taka shi ki fita. Danilo kuwa ba inda za shi. Ya ci min ɗa ɗaya, ba zan miƙa masa na biyu ba."

"Mama, ƙanƙara ce ta..."

"Ƙanƙara kowace shekara tana sauka."

"Doka ba za ta raba uwa da ɗanta ba."

"Na sani. Doka ke za ta ba wa." Ta gyara min wuyan rigar a kan gado. "Sai ki kira 'yan sanda su zo su ɓamɓare shi daga ƙirjin tsohon can. Ki tsaya ki kalla da idonki. In kin iya, to kin fi ni."

Ta sumbace ni a goshi ta fita. To kun ji inda aka ɗaure ni, ku masu cewa ba igiya. Gaba kura, baya sayaki. In na hana Ognyen, ya tafi har abada. In ya shigo, ko in bar ɗana, ko in kashe Baba da raina.

Gari ya waye fari fat. Dusar ƙanƙara ta sauka irin wadda rabonmu da ita tun ina amarya, ta binne shinge rabi, ta shafe hanya. Zuwa coci ma bai yiwu ba. Kowa ya yi wanka ya sa sabon kaya. Yasna ta sa jar riga da farar safa, Danilo ɗan wandon ulu da rigar da Mama ta saƙa masa mai hoton barewa. Ni kuma na sa koriyar. Na sa na cire, na sake sawa. Da na fito Smilya ta danne dariya ta ce, "Yau saniya za ta warke." Mama ta kalle ni daga sama har ƙasa, ta koma kan burodin Kirsimeti da take fitarwa daga tanda.

An shirya tebur, ga nama an yanyanka, ga cuku, ga naɗin kabeji yana tururi. Bayan dogon azumi ƙamshin kaɗai ya isa ya sa mutum kuka. Amma ba mai taɓa ko ɓawon burodi sai mai ƙafar fari ya shigo. Mama ta ajiye rariyar alkama a kan kujera kusa da ƙofa, ta naɗe safar Mladen da tuffa a cikin sabon tawul.

Shiru, shiru, babu Mladen.

"Kaka, yunwa," in ji babbar 'yar Smilya.

"Yanzu zai zo."

"Kaka, in lasa kawai?"

"Ki lasa in lashe ki."

Wayar Dobri ta yi ƙara. Ya saurara, ya sosa ƙeya. "Mama, Mladen ne. Motarsa ta maƙale a gada. Ya ce sai an samo tarakta, kuma mai taraktar bai farfaɗo daga giyar jiya ba."

"Ya taho da ƙafa mana!"

"Mama, Mladen fa. Cikinsa kaɗai sai an yi masa tarakta."

A daidai nan wayata ta motsa. Na buɗe.

*Ina bakin shinge.*

Na matsa taga na goge raɓar gilashi da hannun riga. Ga shi nan. Baƙar doguwar kwat, hula mai rufe kunne, dusar ƙanƙara har gwiwa, da ɗan reshen badnyak a hannu. Daga ƙasan kwari ya tako, sawunsa ya yi layi har inda ido ya tsaya. Gemunsa ya yi fari da sanyi.

*Ka koma, na roƙe ka.*

Na ga ya cire safar hannu da haƙori yana rubutu. *Ki rubuta min ba kya so na, in koma.*

*Mama ta ce in ka shigo zan fita ba Danilo.*

Ya daɗe yana kallon wayar. Sai ya ɗago ya kalli tagar. *Ba zan tura ƙofa ba. Zan tsaya. In an buɗe min, to. In Mladen ya riga ni, na gane amsar.*

Ya tura ƙyauren shingen ya shigo tsakar gida, ya zo ƙasan matakala ya tsaya, ya cire hularsa. Ban ji zuwan Mama ba sai numfashinta a wuyana.

"Ya daskare a nan," ta ce, da murmushin nan nata. "Ba mai taɓa min ƙofa."

'Yan uwa, ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Shi a waje kansa ba hula, dusar ƙanƙara tana taruwa a gashinsa. Ni a ciki da koriyar riga kamar wawuya, ina addu'a biyu masu karo da juna, Allah kawo Mladen, Allah kar ka kawo Mladen. Nama ya huce, kitse ya daskare a faranti. Ƙaramar 'yar Smilya ta fara kuka, Yasna ta taya ta. Danilo ya hau kujera ya manna hanci a gilashi yana kiran, "Kawu! Kawun saniya!" don shi Ognyen yake bari ya sa abin sauraren ƙirji a cikin saniya. Na sauke shi, ya sake hawa.

Baba yana zaune gefen murhu. Can ya buɗe ƙofar murhun ya leƙa, ya rufe. Ya kalli Dobri.

"Itace."

Gaskiya ne, akwatin itace ya ƙare, wuta ta koma garwashi. Wutar badnyak kuwa ba a bari ta mutu ranar Kirsimeti, wannan ko Mama ba za ta yi musu ba. Ta cije leɓe.

"Ka buɗe kaɗan, ka ja ta a bayanka. Kar ka kula shi."

Dobri ya sa takalmi, ya ɗauki kwando, ya buɗe ƙofa. Iska mai sanyi ta buso, bambaro ya tashi. Ni ina riƙe da Yasna da take kuka a tsakiyar ɗaki, fuskarmu ga ƙofa. Ban ga lokacin da Danilo ya sauko daga kujera ba. Sai dai na ga barewar rigarsa ta wuce ta tsakanin ƙafafun Dobri, da safa kawai, ba takalmi.

"Kawuuu!"

Matakalarmu ta siminti ce, ta kwana tana daskarewa, santsi kamar an shafa mai. Taku ɗaya yaron ya yi ƙafafunsa suka tashi sama, ƙeyarsa ta nufi kaifin siminti. Ognyen ya yar da reshe ya yi tsalle ɗaya ya cafe shi a iska. Amma shi ma takalminsa ya kwashe, nauyinsa ya tafi gaba, don kar ya faɗi a kan yaron ya jefo ƙafa ya dafe. Ya yi taga-taga, ya ture Dobri da kwandonsa, sai ga shi tsaye a tsakiyar bambaro, rungume da ɗana.

Na ga ƙafar da ta fara tsallake dokin ƙofar. Da idona na gani. Mai ƙafar fari da dama yake shiga, wannan ko yaron goye ya sani. Ta hagu ce.

Danilo yana ƙyalƙyala dariya, shi a wurinsa wasa ne. Ban da shi ba mai numfashi.

"Hagu," in ji Mama. Muryarta ta fito siririya. "Ya shigo min, kuma da hagu."

"Dama ce."

Duk muka juya. Baba ne. Ya miƙe tsaye, yana dafe da bango.

"Radisha! Ranar haihuwar Almasihu za ka yi ƙarya?"

"Dama na gani."

"Dobri, kai fa?"

"Mama, ni ina ƙasa, kwando ne a fuskata."

"Smilya?"

"Ni ina share wa yarinya majina, Mama, Allah ne shaida."

Ta juyo kaina. Ba ta ma tambaye ni ba, kallona kawai ta yi, na sunkuyar da kai. Ognyen ya sauke Danilo, leɓɓansa sun yi shuɗi, ya ce, "Mama Milunka, gaskiyar magana ni..." Wayyo, wannan gaskiyar tasa ita za ta kashe ni wata rana.

"Baƙo ba ya shaidar ƙafarsa," Baba ya katse shi. Rabon da in ji muryarsa da ƙarfi haka tun Boshko yana raye.

Mama ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sai ta durƙusa gaban Yasna ta kama kafaɗunta. "Manya duk sun makance. Yaro ba ya ƙarya. Kishiyata, ke kina kallon ƙofa. Wace ƙafa ce ta fara shigowa? Dama ko hagu?"

Yasna ba ta iya ƙarya ba, ko sukari ta sata ita take kawo ƙarar kanta. Ta share hawaye, ta kalli ƙofa, ta kalli hannayenta biyu, ta yi ta nazari kamar mai jarrabawa. Sannan ta ɗaga hannun da ke da jan zare sama.

"Ta wannan gefen ta shigo, Kaka. Gefen zare."

"Ki tuna dai."

"Na tuna! Gefen zare shi ne dama. Ke kika ce."

Sai da na ɗan yi jim kafin na gane. Yarinyar tana fuskantarsa ne, hagunsa yana gefen damanta. Ba ta yi ƙarya ko ta ƙwayar zarra ba. Na ga Smilya ta toshe baki da hannu. Na ga Mama ma ta gane, don idonta ya sauka kan zaren da ita ta ɗaura da hannunta, ya daɗe a wurin.

"Kin tambaya, an ba ki amsa," in ji Baba. "Ko jikarki za ki ƙaryata yau?"

Ognyen ya gyara tsayuwa, dusar da ke kansa tana narkewa tana bin fuskarsa. Murya a dishe ya ce, "An haifi Almasihu."

Ba wanda ya amsa. Uwar gida ce take fara amsawa. Mama ta miƙe a hankali, ta je ta ɗauki rariya. Na ɗauka jifansa za ta yi da ita. Ta cika hannu da alkama ta watsa masa a ƙirji da ƙarfi, har ƙwayoyin suna tsalle daga maɓallan kwat ɗinsa.

"Hakika an haife shi."

Yara suka ɓarke da ihu, su dai abinci ya zo. Dobri ya ɗauko reshen da aka yar a waje ya miƙa masa. Ognyen ya durƙusa gaban murhu ya tona garwashi da reshen, tartsatsi ya tashi. "Yawan tartsatsi, yawan lafiya. Yawan tartsatsi, yawan maruƙa da 'yan tsaki. Yawan tartsatsi, yawan dariyar yara a gidan nan." Baba yana cewa amin, hawaye yana bin gemunsa. Smilya ta yafa masa bargo, Dobri ya janye kujera lokacin da zai zauna ya zube a bambaro, aka yi ta dariya kamar yadda ake yi da can. Mama ta miƙa masa tawul da tuffa da safar Mladen, wadda ko rabin ƙafarsa ba za ta rufe ba. Ya karɓa da hannu biyu.

Muna kan tebur wayata ta motsa a cinyata. *Na shiga. Na zauna.* Na ɗago, yana kallona ta saman kofi. Zuciyata ta cika har na rasa inda zan sa ta. Na ce a raina, shi ke nan, Allah ya yi min mafita ta hannun 'yar shekara biyar, an karɓe shi, ba kora, ba wanda zai ce in fita.

Kafin a karya burodi aka tashi sumbar salama, kowa ya sumbaci kowa sau uku a kunci, a yafi juna. Na sumbaci hannun Baba, ya dafa kaina. Na zo gaban Mama. Ta rungume ni tsam, ƙamshin burodi da hayaƙi a jikinta. Ta sumbaci kuncina na dama, ta sumbaci na hagu, a na ukun ta tsaya da bakinta a kunnena.

"Salamar Allah, 'yar nan. Na karɓi shaidar jikata, ba zan kore ki ba, ba zan kore shi ba. Amma hagu ce. Na gani, ke ma kin gani. Daga yau duk tarin da yaron nan ya yi, ba ni zan tuna miki ba. Ke za ki tuna da kanki."

Ta sake ni, ta gyara min leshin wuya, ta koma mazauninta tana zuba wa Ognyen miya.

Na zauna. Na ce wa kaina maganar tsofaffi ce, baƙin ciki ne yake magana ba ita ba. Aka kama burodi ana juya shi ana waƙa, hannun Ognyen kusa da nawa. Sai daga cinyar Baba na ji wani ɗan sauti, ƙarami, busasshe. Danilo ne ya yi tari.

Safarsa ce ta jiƙe a matakala, na sani. Sanyi ne kawai, kowane yaro yana tari a watan nan. Na yi makaranta, na faɗa muku. Amma 'yan uwa, kafin in kalli ɗana, sai da na leƙa ƙarƙashin tebur na kalli ƙafar Ognyen ta hagu.